Fatar Akuyar Yola a Kantunan Milan: Ina Rabon Mai Turke?

A Yola ta ƙasar Karaye, kamar sauran garuruwan da ke tsakanin Karaye da Rogo, idan aka kayar da akuya hankalin kowa a kan nama yake. Mai gida na lissafin cinya da ƙirji, uwargida na jiran kayan ciki da kai da ƙafa, yara na zagaye ko a ba su 'yar tsoka su gasa. Fata kuwa gefe ake jefa ta, sai ɗan fata ya biyo a kan babur da buhun gishirinsa, ya ɗaga ta ya duba a hasken rana, ya faɗi abin da zai bayar, a ce masa Allah ya sa albarka. Daga nan ba mai sake tuna ta. Alhali a duk jikin akuyar nan fatar ce kaɗai ke da damar ƙetare teku, ta je ta zama jaka ko takalmi ko safar hannu a irin kantunan Milan da Paris da Dubai waɗanda talaka ko leƙawa ba ya yi.

Kamfanonin da ke sayar da waɗannan kaya na alfarma sun ɗauki wani salo a 'yan shekarun nan. Kowanne na buga rahoto duk shekara yana cewa kasuwancinsa na kawo ci gaba mai ɗorewa, yana raya al'ummomin da ake samo kayan aiki a wurinsu, yana kare ruwa da daji. Akwai gaskiya a maganar, akwai kuma kwalliya. Mu da muke kiwon akuyar, kuma kogin da ake wanke fatarta ya ratsa ƙasarmu, mun fi kowa damar rarrabe su.

Jar akuya, wadda ake danganta wa Sakkwato a Najeriya, a Nijar kuma a ce mata 'yar Maraɗi, tana cikin awakin da masu sana'ar fata a duniya suka fi so. Fatarta ba ta da kauri amma tana da ƙarfi, ƙofofin gashinta ƙanana ne a matse, tana shan rini, kuma takan daɗe ba ta tsage ba. Awakin da ke turakun matanmu a yammacin Kano jininta ne ko danginta. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi, kuma a ƙarnukan da suka biyo baya jemammiyar fata na cikin kayan da raƙuma suka riƙa ɗauka daga can zuwa Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus. Turawa a bakin tekun Arewacin Afirka suke sayenta, shi ya sa suka laƙaba mata sunan Maroko, ƙasar da ba ta san turken da aka ɗaure akuyar ba. Masu ɗaurin littattafai na Ingila sun daɗe suna neman fatar awakinmu don bangon littattafan da ake so su yi ɗaruruwan shekaru.

Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa takalman da dukawan birni ke ɗinkawa ana fita da su sun kai na wuri miliyan 10 a shekara, jemammun fatu da waɗanda aka rina ja da karan dafi kuma na wuri miliyan 5. A lura da wannan lissafi. A wancan zamani abin da Kano ke samu a ɗinkakken takalmi ya ninka abin da take samu a fatar da ba a ɗinka ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai fata ta juya ta nufi Ikko, kamfanonin Turawa suka buɗe kantunan saye, aka koma auna ɗanya da busasshiya ana lodawa. Yau mu ne masu sayar da fata, mu ne kuma masu sayen takalmin roba daga Sin.

Hanyar da fata ke bi yanzu doguwa ce. Mahauci ya sayar wa ɗan fata na ƙauye, shi kuma ya barbaɗa mata gishiri ya tara, ya kai wa dila a ranar kasuwa. Dila ya cika mota zuwa Kano, inda manyan 'yan fata ke zama su ware: wannan ta ɗaya ce, wannan ta biyu, wannan an ƙi ta. Daga nan sai masana'antun jima da ke Challawa da Sharaɗa da Bompai. Dokar Najeriya ta hana fitar da ɗanyar fata waje, har da wadda aka jeme rabi da rabi, don haka abin da ke fita shi ne wadda aka jeme aka busar ko wadda aka ƙarasa, kuma Italiya da Sifaniya ne manyan masu saye. A Italiya akwai garuruwan da ba su da wata sana'a sai jima, irin su Santa Croce a yankin Tuskani, da Arzignano, da Solofra wadda ta shahara da fatun awaki da tumaki. Can za a sake rina ta, a goge, a ba ta sheƙi, a sayar wa masu ɗinki. Tunda aikin ƙarshe a can aka yi, tambarin Italiya za ta ɗauka, kuma bisa dokar kasuwanci ba su yi laifi ba.

Sau da yawa za ka ji ana bugun ƙirji a majalisa ana cewa duk jakar Gucci ko Louis Vuitton fatar Kano ce. A rage gishiri. Waɗannan kamfanoni suna sayen fata daga ƙasashe da dama, kuma da yawa daga cikin jakunkunansu na fatar maraƙi ne. Abin da yake tabbas shi ne fatun awaki da tumakinmu suna shiga kasuwar da manyan masu ɗinkin Turai ke saye, amma kafin su isa can sun wuce hannu shida ko bakwai, sunan garin da suka fito ya ɓace tun a hannu na biyu. Wannan ɓacewar suna ita ce tushen matsalar, domin wanda ba a san da shi ba ba a yi masa kasafi.

Duk da haka, a faɗi alherin da ke ciki. Da babu masu kuɗin da ke son jaka mai laushi, da fatar akuya ta koma abin da kare zai ja zuwa juji. Sha'awarsu ce ta sa abin da zai zama shara ya zama kuɗi, kuma kuɗin na ratsa hannaye masu yawa: mahauci, ɗan fata, mai gishiri, direba, ɗan dako, mai ware fata wanda da yatsa kawai yake gane lahani, da dubban ma'aikatan masana'antu. Bayan man fetur, fata na cikin kayan da suka daɗe suna kawo wa Najeriya kuɗin waje, kuma Kano ce cibiyarta. Masu sayen kayan alfarma kuma ba sa yarda da aikin ha'inci. Wanda ya yi hulɗa da su dole ya koyi auna abu daidai da cika alkawari a kan lokaci, kuma wannan ilimi yana zama a gari ko bayan ciniki ya ƙare.

Akwai wata hanya da kuɗin fata ke komawa ga jama'a wadda babu kamfanin Turai da ya tsara ta. Malamai sun karantar da cewa mai layya ba ya sayar da fatar dabbarsa, ba ya kuma biyan mahauci ladan fiɗa da ita. Saboda haka duk Babbar Sallah fatu ke kwarara zuwa masallatai da makarantun allo da Islamiyyu. Ƙungiyar Izala ta yi fice a wannan, 'yan agajinta na bi gida-gida suna karɓa, a tara a sayar a yi aikin masallaci da makaranta. Attajirar da ta sayi jakar fatar rago a Paris ba ta san cewa wataƙila wani ɗan kaso na kuɗinta ya zama kwanon rufin wani aji a ƙauye ba. Darasin da ke ciki kuwa a fili yake: fata guda a hannun mutum guda ba ta da murya, amma fata dubu a hannun kwamiti tana sa dila ya zauna a yi ciniki.

To ina mai turke? A ƙasar Hausa akuya ta mace ce. Ita ke ba ta dusa da ƙowa da harawa, ita ke tashi da dare in za ta haihu, kuma akuyar ce asusunta ranar da yaro ya kwanta ciwo ko biki ya taso. Amma mace a raye take sayar da akuyarta. Mai saye a kara yakan lalubi gadon baya da gindin wutsiya ne ya ji nama, ba ya biyan ko sisi don kyan fata. Ashe ke nan wadda ta yi wahalar raya fatar nan shekara biyu ba ta cikin cinikinta ko kaɗan. Kuma tunda ba a biyanta, ba ta da dalilin damuwa in ƙaya ta karce akuyar ko ƙazuwa ta kama ta, muddin tana ci tana ƙiba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kada a ɗauka mu kaɗai ake yi wa haka. A watan Yunin 2024 wata kotu a Milan ta sa wani reshen kamfanin Dior ƙarƙashin kulawarta, bayan masu bincike sun gano ana ba wasu ƙananan masana'antu kwangilar haɗa jaka a kan Yuro 53, ban da kuɗin fata, jakar da ake sayarwa Yuro 2,600 a kanti, ma'aikatan kuma 'yan ci-rani ne, wasu a wurin aikin suke kwana. An ɗage matakin a farkon 2025 bayan kamfanin ya yi gyara. Wannan a tsakiyar Italiya ke nan, inda akwai kotu mai ƙarfi da ƙungiyoyin ƙwadago. Abin da lissafin ya tona shi ne mafi yawan kuɗin kayan alfarma na suna ne da talla da hayar kanti. Fata da ɗinki ɗan ƙaramin kaso ne. Wannan kuwa labari ne mai ɗaci da daɗi a gare mu, domin yana nufin ko an ninka abin da ake biyan mutanen ƙasa, farashin jakar ba zai ko motsa ba. Rashin biyan zaɓi ne, babu wata larura a ciki.

Misalin da ya fi kama da namu yana ƙasar Peru. Akwai wata 'yar ƙaramar dabba dangin raƙumi a tsaunukansu, bikuna, wadda gashinta ke cikin mafiya tsada a duniya. A shekarun 1960 mafarauta sun kusa ƙarar da ita. Gwamnati ta hana kashe ta, sannan a 1994 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin al'ummomin yankin da wasu kamfanoni, ciki har da Loro Piana na Italiya, cewa a riƙa kama dabbar a yi mata aski a sake ta. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da 200,000 a ƙasar. Nan kasuwar alfarma ta taimaka wajen ceton dabba, ba musu. Amma a watan Maris na 2024 kamfanin labarai na Bloomberg ya ruwaito cewa mutanen garin Lucanas suna samun kimanin Dala 280 a kan gashin da ake saƙa rigar sanyi ta Dala 9,000, kuma da yawa daga cikinsu na nan cikin talauci. Kamfanin Loro Piana ya ƙi yarda da yadda aka bayyana lamarin. Ko ma dai yaya ne, dabba ta farfaɗo, masu ita ba su farfaɗo tare da ita ba.

Sai maganar ruwa, wadda a ganina ta fi ta kuɗi nauyi. Madatsar ruwa ta Challawa a ƙaramar hukumar Karaye take. Kamfanin Julius Berger ya kammala ta a 1992, tsawonta ya kusa kilomita 8, tana riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da ita. Gonakin mutanenmu ruwan ya ci kafin a samu wannan tafki. Daga nan kogin ke gangarawa gabas, ya bi ta kudancin birnin Kano, ya haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, su nufi fadamun Haɗeja da Nguru. A kan hanyar ne yake ratsa unguwar masana'antu ta Challawa. Wato fatar akuyar Yola da ruwan Karaye a wuri guda suke sake gamuwa, kuma gamuwar ba ta yi wa ruwan daɗi.

Jimar zamani da sinadarin kurom ake yin ta. An fara amfani da shi a kasuwance tun shekarun 1880, kuma yau kusan kashi 80 cikin 100 na fatar duniya da shi ake jeme ta, saboda abin da bagaruwa za ta yi a makonni shi a yini guda yake gamawa. Aikin na cin ruwa ƙwarai, tan guda na ɗanyar fata kan sha fiye da lita 20,000, ruwan kuma yana fita ɗauke da gishiri da sinadarin zubar da gashi da ragowar kurom da ruɓaɓɓen nama. Wanda ya taɓa bi ta Sharaɗa ko Panshekara da rani bai buƙatar a ba shi labarin warin. Rafin Salanta ke kwashe dagwalon Sharaɗa zuwa Challawa, na Bompai kuma ya bi Getsi zuwa Jakara. A gaɓar waɗannan rafuka ake noman rani, latas da kabeji da alayyafo da karas, kuma masu bincike na jami'o'inmu sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen su samu ƙarfe masu guba fiye da ƙima. Kurom, in aka ƙona ragowar fatar da ke ɗauke da shi, yana iya rikiɗa ya koma nau'in da ke jawo cutar daji.

Doka tana nan. An kafa hukumar kula da muhalli ta NESREA a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idojin muhalli na masana'antun saƙa da fata da takalma. Fasahar ma ba ɓoyayya ba ce: a Santa Croce masu jima sun haɗa kuɗi suna da matatar dagwalo ta bai ɗaya, har suna tace kurom ɗin su sake amfani da shi. A duniya kuma akwai ƙungiyar Leather Working Group, wadda aka kafa a 2005, tana duba masana'antun jima ta ba su shaidar zinariya ko azurfa ko tagulla gwargwadon yadda suke kula da ruwa da shara, manyan kamfanonin kayan alfarma da yawa kuma suna neman wannan shaida kafin su saya. Nan ne ƙarfinsu yake, kuma nan ne za su iya yin alherin da gwamnati ta kasa. Mai masana'anta na iya raina wasiƙar hukuma, amma ba ya raina mai sayen da ya ce ba zai ɗauki kaya ba sai ya ga matata tana aiki. Sai dai adalci ya nuna mai sayen ya ɗauki wani kaso na kuɗin matatar. Wanda ya ce a tsabtace ruwa amma ya ƙi ƙara ko kwabo a farashi, so yake masana'antar Kano ta rufe ya koma wata ƙasa.

Abin mamaki, maganin wani ɓangare na matsalar yana tsaye a bakin fadamunmu. Je ka unguwar Majema a birnin Kano ka tsaya ka kalli aiki. Ana jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, majemi ya shimfiɗa ta a kan gungume ya kankare da wuƙa mai ƙota biyu, a sa ta a ruwan kashin tsuntsaye ta yi laushi, sannan a tsoma ta a kwatarniyar dakakkiyar bagaruwa, ana juyawa ana murzawa da hannu da ƙafa har ta sha. In ta bushe a shafa mata man gyaɗa, mai son ja a rina masa da karan dafi, mai son baƙi da kuloko. Wannan ita ce jimar da ta yi wa Kano suna, kuma ita ce irin wadda masu kuɗin Turai ke biya da tsada yanzu, har rukunin Kering, mamallakin Gucci, ya bayyana burin komawa jimar da babu ƙarfe a cikinta. Ba na cewa majemar gargajiya aljanna ce. Tana da wari, tana da nata dagwalon, majemi kuma na tsayawa cikin ruwa babu takalmi babu safa. Amma bagaruwa itaciya ce mai jure fari, tana riƙe ƙasa a gaɓar rafi, awaki na cin 'ya'yanta, mata da yara na tsinta su kai kasuwa. Kamfanin da ke neman abin rubutawa a rahotonsa, ga shi: ya ɗauki nauyin dasa bagaruwa a gefen tafkin Challawa, ya kuma yi alkawarin sayen 'ya'yanta a kan farashin da aka sani tun kafin kaka.

Mu ma da namu laifin, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Fata mai yawa tun a ƙauye take mutuwa. Ranar Sallah kowa mahauci ne: yaro ya ɗauki wuƙa mai tsini yana ta yanka, ya huda nan ya tsaga can, alhali akuya da rago da an buɗe su da dunƙulen hannu ake ture fatar, wuƙa sai inda ta kama. Sai a bar ta a rana a kan ƙasa, waje ya ƙone ciki ya ruɓe, ko a bar ta da kitse a jiki har yamma ba gishiri. A zafin ƙasarmu 'yan sa'o'i sun isa ta fara lalacewa, kuma lahanin ba ya fitowa sai an jeme ta. Ga kirci da ƙazuwa da kaska da ke barin tabo tun dabbar na raye, ga annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, wadda ake yin allurar rigakafinta a Vom amma ba kowane turke take kaiwa ba. A zamanin Turawa akwai malaman fata da ke zagaya kwata suna koyar da fiɗa da shanya a inuwa, a Maraɗi kuma tun farkon shekarun 1960 aka buɗe cibiyar kiwon jar akuya don kada irin ya gurɓace. Don amfanin kansu Turawa suka kafa malaman fatar, amma aikin daidai ne, mu kuma muka yar. Fatar shanu ma ba a maganarta, ganda ta cinye ta.

Akwai wuraren da aka gwada abin ya yi. A 2009 Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta fara wani shiri na haɗa manyan masu ɗinkin Turai da masu sana'ar hannu na Afirka kai tsaye. Ta nan mata a Nairobi suka riƙa ɗinka wa Vivienne Westwood jakunkuna, masaƙa da marina a Burkina Faso da Mali suka samu masu saye. Abin da ya bambanta shirin shi ne aiki ake bayarwa a biya lada, a kuma rubuta inda aka yi shi. A gida, Femi Olayebi, mai ɗinka jakunkuna, ta fara bikin baje kolin fata na Legas a 2017, kuma matasa masu ɗinki na ta ƙaruwa waɗanda ke zuwa Kano sayen fata su ɗinka su sa sunansu. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar koyar da kimiyyar fata, NILEST, wadda asalinta ya koma 1964, gwamnatin tarayya kuma ta ƙaddamar da tsarin aiwatar da manufar fata ta ƙasa a 2021. Takardu dai ba mu rasa su ba.

Kada kuma mu manta muna da kayan alfarmarmu. Wanda ya tsaya ya kalli hawan Sallah a Kano, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024, ko a nan fadar Karaye, ya ƙirga hannayen da suka ci abinci a jikin doki guda da mahayinsa: baduku mai sirdi da linzami da kube, maƙeri mai likkafa, mai ɗinkin babbar riga da ya yi watanni a kan aska takwas, marini, mabugi, mai naɗi. Turkuɗin Kura har yau abin ƙasaita ne a wurin Buzaye. A irin wannan kasuwa kuɗin attajiri ba ya nisa, a cikin gari yake zagayawa, kuma kowa ya san sunan wanda ya yi aikin. Mai kuɗinmu da ke alfahari da takalmin Italiya, alhali baduku na zaune a Ƙofar Wambai ba ciniki, ba shi da bakin zargin Bature.

Saboda haka duk kamfanin da ya ce kasuwancinsa na raya al'umma, kada a tsaya a hoton rijiyar burtsatse da ya haƙa. A tambaye shi ko ya san garin da fatarsa ta fito, ko bambancin farashi tsakanin fata ta ɗaya da ta biyu yana isa hannun mahauci da mai kiwo, da kuma inda ruwan da aka jeme ta ya kwarara. In ya amsa waɗannan da takarda, a yaba masa.

Kira na ga Masarautar Karaye da shugabannin ƙananan hukumomin Karaye da Rogo: a zauna da sarakunan fawa a dawo da koyar da fiɗa kafin kowace Babbar Sallah, a kai rigakafin awaki har turakun mata, a taimaki 'yan fata na ƙauye su yi ƙungiya mai rumbun gishiri da ma'auni, yadda za su kai kaya masana'anta da sunan garinsu a kai. 'Yan majalisarmu na jiha da na tarayya kuma su je Challawa da Sharaɗa da ƙafarsu, su nemi a nuna musu matatar dagwalo tana aiki, su dawo su gaya mana abin da suka gani.